Ƙibar Yaranmu A Kurmi: Ba Yaron Za A Sa Wa Doka Ba, Gidan Za A Gyara

'Yan uwa mazauna Agege, Idi-Araba, Sabo ta Ibadan, Shagamu da sauran zangunanmu na kudu.

Yau ina so mu taɓo wata magana da ba mu cika ɗaukarta matsala ba, wato ƙibar ƙananan yara. Na san wani zai ce Malam kai ma dai, ana fama da tsadar abinci kana zancen ƙiba? Gaskiya ne, kuma dalilin da ya sa idonmu ba ya ganin abin ke nan. Mun fito daga inda tamowa ce abin tsoro. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kuma abin ya fi yawa a Arewa. Saboda haka idan aka kai yaro gida hutun Sallah ya yi ɓul-ɓul, sai dangi su ce kai, Ikko ta karɓe shi, uban ya samu. Uwa ta ji daɗi, uba ya ji ya fita kunya.

To amma duniya ta juya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa fiye da miliyan 390, masu shekara 5 zuwa 19, nauyinsu ya wuce ƙima, kuma miliyan 160 daga ciki ƙibarsu ta kai matsayin cuta. Yaro mai ƙiba yawanci da ita yake girma, ita kuma takan jawo ciwon suga da hawan jini tun mutum bai kai ko'ina ba.

Ku dubi yadda ɗan gidan haya a Legas yake wuni. Da safe shayi mai kauri da burodi, ko Indomie. A saka masa biskit da lemon kwali a jakar makaranta. Ya dawo, ya wuce Islamiyya da kuɗin kashewa, mai alewa na jiransa a bakin ƙofa. Da dare Alhaji ya dawo daga kasuwa da tsaraba, tsire ko shawarma da lemo mai sanyi, a tashe shi ko ya yi barci. Filin wasa kuwa babu. Mu da muka tashi ana langa da ɓuya a dandali, 'yan mata na gaɗa har dare, yaranmu ɗaki ciki da falo suka sani, sai talabijin da wayar uwarsu, domin tsoron mota da ɓata-gari ya hana a bar su waje. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mu ne masu sauke tumatir da kabeji da karas a Mile 12 da Bodija, amma sai ka shiga gidan dillali ka tarar ɗansa ba ya cin ganye.

Idan iyaye suka farga, abin da aka fi yi shi ne a tasa yaron a gaba. A rage masa tuwo shi kaɗai, a hana shi lemo ƙannensa na sha a gabansa, a riƙa kiransa buhu ko ɗan lukuti wai don ya ji haushi ya rage ci. Wannan ba ya aiki. Abin da yake haifarwa shi ne cin abinci a ɓoye, da yaro mai jin kunyar jikinsa. Yaro ɗan shekara 8 ba shi ke cefane ba, ba shi ke girki ba, ba shi ke ba kansa kuɗin tara ba. To don me za a ɗora masa laifin?

Wani masani a Amurka mai suna Leonard Epstein ya daɗe yana gwada wannan. Shi da abokan aikinsa sun bi diddigin wasu yara masu ƙiba har shekara 10, suka fitar da sakamakon a 1990: yaran da aka haɗa su da iyayensu wajen canza ci da motsa jiki sun fi waɗanda aka sa su kaɗai samun sauƙi mai ɗorewa. Tsarin nasa kuwa mai sauƙi ne, ya kasa abinci kamar fitilar ba-da-hannu: kore a ci sosai, rawaya a ci da awo, ja sai jefi-jefi.

Sai dai su a can idan an ce iyali, uwa da uba ake nufi. Namu iyalin ya fi haka faɗi, kuma nan ne aikin yake. Akwai kaka da ta zo jinya ko wankan jego, wadda in ka ce a rage wa jikanta sukari sai ta ce rowa ce. Akwai abokiyar zama, akwai kawu mai shago da ba ya iya ganin yaro bai miƙa masa cakulan ba, akwai maƙwabta. In uwa ta hana, wasu hannuwa biyar za su bayar. Don haka ni a ganina maigida ne ya kamata ya fara, ya zauna da Hajiya cikin ladabi ya ce mata likita ne ya ce, domin ta fi jin wannan. Sannan shi ma ya ajiye kwalbar lemon da yake kora abinci da ita, tunda ba za ka hana yaro abin da yake gani a hannunka ba.

Kan lemon nan ya kamata a fara. Rabin lita na mai cikakken sukari yana ɗauke da kusan giram 50, wato cokalin shayi 12 ko fiye. Gwamnati ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita a 2022, amma wa naira 10 ta taɓa hana sayen lemo? Kada kuma mu yaudari kanmu da zoɓo da kunun aya na gida, in an zuba musu sukari kofi-kofi duk kanwar ja ce. Tukunya ɗaya za a yi wa kowa, a ƙara wake da ganye, a dawo da dambu da kwaɗon zogale da fate, ga ayoyo da ugu a kowace kasuwa. Tsarabar dare ta koma gwanda ko abarba ko lemon ɓawo. Iyaye su zaɓi abin da za a ci da lokacin ci, yaro kuma in ya ce ya ƙoshi a ƙyale shi, a daina cewa sai ya cinye kwano.

Motsa jiki kuwa, awa ɗaya a rana ake so ga mai shekara 5 zuwa 17. In Islamiyya ba ta da nisa a tafi da ƙafa, babba ya raka su. Sarakunan Hausawa da kwamitocin makarantunmu za su iya neman aron filin firamare na unguwa ranar Asabar, maza su yi ƙwallo, a ware wa 'yan mata nasu lokacin, domin su ne aka fi kullewa a ɗaki.

Iyaye mata, in kun ga bayan wuyan yaro mai jiki ya yi baƙi ya yi kauri, kuna ta dirza da soso ba ya fita, sau da yawa ba dauɗa ba ce, alama ce jiki ya fara kokawa da sukari. A kai shi asibiti a auna tsawo da nauyi, a gwada jini. Kada a ba shi shayin rage ƙiba na manya da ake talla a waya, kada kuma a sa shi zama da yunwa, domin yaro mai girma yawanci ba rama ake nema masa ba, so ake nauyin ya tsaya tsawo ya kamo shi.