Iyayenmu da Tsoron Wuƙar Likita

Ya 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, da wuya a sami ɗayanmu da ba shi da wani dattijo a gida wanda zuwa masallaci ya zamar masa aiki. Da ya ɗan taka sai ƙafafu su yi nauyi, su kama zogi ko su mace, tilas ya nemi dakali. In ya zauna, ko ya sunkuya bisa sandarsa, sai abin ya lafa. Mu kuwa sai mu ce tsufa ne, mu sayo masa ƙwayoyin kashe zafi, waɗanda in an daɗe ana sha suna ɓata ciki da ƙoda.

Alhali kuwa ciwon nan yana da asali, kuma tun 1954 wani likitan ƙasar Holan, Henk Verbiest, ya bayyana shi. Cikin ƙashin baya akwai wata kafa wadda jijiyoyin ƙafafu ke bi. Yayin da shekaru suka tura, guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓi yakan zaizaye, ƙashi ya yi tsiro, jijiyar da ke ɗaure su ta yi kauri, sai kafar ta ƙuntata ta matse su, galibi tsakanin gaɓa ta 4 da ta 5 ta ƙugu. Sunkuyawa tana ɗan buɗe kafar, shi ya sa ake jin sauƙi.

Ba kowa ne ke bukatar tiyata ba. Da yawa motsa jiki da magani sun ishe su. Amma in waɗannan sun gaza, akan ɗauki hoton MRI, sa'an nan likita ya cire ɓangaren ƙashin da ya rufe kafar ta baya, domin jijiyoyi su sami sarari. Aikin ya fi maganin ciwon ƙafa bisa ga ciwon bayan kansa.

Mun san abin da dattijo zai ce: da muguwar rawa gara ƙin tashi, wai duk wanda aka yanka wa baya ba ya sāke tafiya. Ba mu ce babu haɗari ba, amma jinkiri ma haɗari ne, domin jijiyar da ta daɗe a matse ba lalle ta farfaɗo ba. In har fitsari ko bayan gida ya fara kuɓuce masa, ko tsakanin cinyoyinsa ya mace, to, ranar nan za a kai shi asibiti, ba gobe ba.

A ganinmu nauyin nan a wuyanmu yake. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan Kano, dokar 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya. Mu bincika, mu yi wa iyayenmu rajista, mu raka su, mu tambayi likita amfanin aikin da haɗarinsa, mu fassara musu ba ragi ba ƙari. Wanda ya yi noma ya kai mu jami'a bai cancanci ya ƙare kwanansa bisa tabarma saboda rashin saninmu ba. Allah ya sa mu gane.