Kafin ka aiko da fankar bututu Ɗan Barto

Wasu 'yan'uwanmu mazauna ƙetare na son a saka wa gidajen da suke ginawa a gida irin fankar bututun da suka gani a Amurka. Tana da makunni mai jin matsin iska: da zarar babbar na'urar gidan ta fara hurawa, sai ya tayar da ƙaramar fanka ta tura iskar zuwa ɗaki mai nisa. Dabara ce mai kyau, amma a can.

A Ɗan Barto, kan iyakar Nijar da Najeriya, wace babbar na'ura ce za ta hura? Ƙurar hunturu ma kaɗai ta isa ta toshe siririn tiyon makunnin. Ga batun wuta: a watan Agustan 2023 Najeriya ta katse wa Nijar lantarki, sai a Maris ɗin 2024 ta maido.

A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, ɗakin bulo mai rufin kwano kuwa tanda ne, tsofaffi da jarirai ke gasuwa a ciki. Ka ba magini kuɗin nan ya buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna, ya bar kafa kusa da rufi inda iska mai zafi za ta fita, a kuma yi silin. Canjin da ya rage ka sayi fankar sola.