Amosanin gaɓɓai: Ɓarnar da maganin rage zafi ke ɓoyewa

A ƙasar Zuru da ke kudancin jihar Kebbi, inda akasarin jama'a manoma ne, ba kasafai ake ɗaukar ciwon gaɓɓai a matsayin cutar da za ta kai mutum asibiti ba. Sanyi ne, in ji mutane, ko gajiyar gona, ko kuma tsufa. Sai a nufi kemis a sayo ƙwayoyin rage zafi, wasu kuma su je wurin wanzami a yi musu ƙaho.

Sau da yawa akwai gaskiya a wannan fahimta. Nau'in amosanin da ya fi yawa a duniya shi ne na zaizayewar guringuntsi, wanda shekaru da aikin ƙarfi da ƙiba ke taimaka wa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane miliyan 528 ne ke fama da shi a shekarar 2019.

To amma akwai wani nau'in na dabam da likitoci ke kira rumatoyid, wanda garkuwar jiki ce ke juyawa ta afka wa gaɓɓan mai ita. Hukumar ta ce mutane miliyan 18 ne ke ɗauke da shi a wannan shekara, kusan kashi 70 cikin ɗari mata. Yakan fara da ƙananan gaɓɓan yatsu da wuyan hannu, dama da hagu lokaci guda, tare da sandarewa da safe wadda kan daɗe ba ta sake ba. Matar da ya kama takan iske tun daga alwalar asuba hannu ya ƙi damƙuwa, balle riƙe taɓarya.

Kowace gaɓa mai motsi tana da wani siririn tantani da ya lulluɓe ta daga ciki. Aikin ƙwayoyin halittar wannan tantani shi ne samar da ruwa mai santsi da ke hana ƙasusuwa gugar juna, su kuma ciyar da guringuntsi, wanda ba shi da jijiyoyin jini nasa na kansa. A gaɓa mai lafiya kaurin fuskar tantanin bai wuce ƙwaya biyu ko uku ba. Idan cutar ta kama, sai ya yi ta kauri, ya malala kan guringuntsi yana cin sa, daga nan ya kai ga ƙashi.

An daɗe ana kallon waɗannan ƙwayoyi a matsayin 'yan kallo da rikici ya rutsa da su. Wannan ra'ayi ya sauya. A shekarar 2009 masu bincike a Jami'ar Giessen ta ƙasar Jamus sun nuna, a gwajin da suka yi da ɓeraye, cewa ƙwayoyin da aka ɗebo daga gaɓar majiyyaci suna iya bin jini su tafi wani wuri su ci lafiyayyen guringuntsi. Shekaru 10 bayan haka, a 2019, masana daga jami'o'in Birmingham da Oxford a Ingila suka wallafa a mujallar Nature cewa ƙwayoyin iri biyu ne masu aiki dabam-dabam: na can ƙasan tantanin su ne ke rura wutar kumburi, na fuskarsa kuma su ne ke lalata guringuntsi da ƙashi.

Ma'anar wannan ga majiyyaci ita ce, lafawar zafi ba ta nufin ɓarna ta tsaya. Ƙwayoyi irin su diclofenac da ibuprofen, da ake samu a kusan kowane kemis, suna kwantar da raɗaɗi amma ba sa hana tantanin ci gaba da cin gaɓa. Yawan shansu kuma yana jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Su kuwa irin su dexamethasone da prednisolone, idan aka daɗe a kansu ba da kulawar likita ba, suna haddasa ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi. Gaɓar da ta riga ta lanƙwashe ba ta komawa yadda take.

Maganin da ke rage saurin cutar ba sabo ba ne. Tun a 1988 hukumomin Amurka suka amince da amfani da methotrexate, kuma har yanzu da shi likitoci suka fi farawa. Ana shan sa sau ɗaya a mako, yana buƙatar gwajin jini a kai a kai, ba a kuma ba mai juna biyu. Ya fi amfani idan aka fara shi cikin watannin farko na cutar.

A nan ne matsalar wuri irin Zuru take. Ƙwararrun likitocin gaɓɓai a Nijeriya ƙalilan ne, kuma galibinsu suna manyan asibitocin koyarwa. Wanda aka tura daga Zuru sai ya kama hanyar Birnin Kebbi ko Sakkwato, a daidai lokacin da hare-haren 'yan bindiga suka ɗaiɗaita ƙauyuka a ƙananan hukumomin Danko-Wasagu da Sakaba, farashin magunguna kuma ya yi tashin gwauron zabi tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023.

Akwai kuma tsohon zato cewa cutar ba ta cika kama 'yan Afirka ba. Wani bincike da aka wallafa a 1993 bai gano ko mutum guda mai ita ba a ƙauyukan Nijeriya da aka duba. Amma a 2010 Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa suka fitar da rahoto kan majiyyata 200 daga asibiti guda, abin da ke nuna cewa inda aka sami mai iya gane cutar, ana samun masu ita.

Su ma ƙasashe masu arziki ba su gama da ita ba. Alluran zamani masu tsada da aka fara amfani da su a ƙarshen shekarun 1990 suna auna garkuwar jiki ne, kuma akwai majiyyatan da ba sa jin su. Masana a Jami'ar Queen Mary ta birnin Landan sun gano a 2022 cewa a gaɓɓan waɗanda magunguna da dama suka gaza wa, alamun waɗannan ƙwayoyi na tantani ne suka fi rinjaye. Ana ci gaba da neman maganin da zai tunkare su kai-tsaye.

Kafin ya samu, abin da ke hannun hukumomin lafiya na jihar Kebbi bai kai haka wuya ba: a horar da ma'aikatan asibitocin karkara su bambanta sandarewar safe da kumburin yatsu daga ciwon gwiwar manomi, su tura mai su babban asibitin Zuru da wuri, a kuma tabbatar cewa gwajin jini da methotrexate suna samuwa a can.