Ɗakin katakon bayan gida: kafin ka rufe bangonsa

A wannan makon filin namu zai leƙa ƙasashen sanyi ne, wajen 'yan'uwanmu mazauna Ingila da Jamus da maƙwabtansu. A can, gidan da ke da ɗan lambu a baya da wuya ka rasa ƙaramin ɗakin katako a ƙarshensa, wanda aka yi don keke da injin yankan ciyawa. Mu kuwa idan muka samu, sito muke mai da shi: buhun shinkafa, akwatin atamfofin uwargida, littattafai, har da dardumar da ta rasa wuri a falo. Da hunturu ya ƙarato sai ka ji maigida yana cewa zai sa abin tare sanyi a bango, ya rufe da allo, kaya su huta.

Tsaya tukuna, kada ka sayi komai. Abin tare sanyi ba ya samar da ɗumi, riƙe wanda ke akwai kawai yake yi. Kular abinci tana riƙe zafin tuwo, amma idan ka zuba mai sanyi, mai sanyi za ka buɗe. Ɗakin da babu hita a cikinsa, komai kaurin abin da ka cusa a bango, bayan 'yan kwanaki na sanyi cikinsa da wajensa kusan ɗaya ne.

Kuma ba sanyi ne ke lalata atamfa ba, danshi ne. Iska mai ɗumi tana ɗaukar ruwa fiye da mai sanyi. Da rana ɗakin ya ɗan ɗumama, iskar ciki ta sha ruwa daga ƙasa da jiƙaƙƙen keke, da dare bango da rufi su huce, ruwan ya taru a jikinsu kamar gumin kwalbar da aka ciro daga firji. Ɗakin da ke da kafofi yana bushewa da kansa washegari. Wanda aka toshe ko'ina, ruwan a bayan allo yake maƙalewa inda ido ba ya gani, sai ran da warin fumfuna ya tarbe ka a ƙofa, ginshiƙai sun fara ruɓewa.

Saboda haka allon da za ka zaɓa, ya zama mai jure laima. Allon filasta da ake bangon ɗakunan cikin gida da shi a Turai ya fi araha kuma ya fi kyan fenti, amma farar hoda ce aka matse tsakanin takardu biyu, kuma takarda abincin fumfuna ce. Ga shi ɗakin katako yana motsi da yanayi, mahaɗar allunan ta tsage. MDF na yau da kullum shi ma da ya ji ruwa yake kumbura, ba ya komawa. Abin da ya rage shi ne filawud ko OSB, wato allon nan da aka manne ɓarɓashin katako. Idan OSB ne, duba ka ga an buga OSB3 a jikinsa, shi ne wanda aka yi don wuri mai danshi. Ni dai filawud mai kaurin milimita 12 na fi so, don yana riƙe kanta da maratayi ba tare da ka nemi ginshiƙi ba. Ɗaure shi da sukuru, ban da ƙusa, yadda bayan shekara za ka iya kwance allo ɗaya ka leƙa. Ka kuma ɗaga shi kaɗan daga daɓe.

Sai abin cusawa. Idan ajiya kawai kake yi, shawarata ka bar bangon haka, ka kashe kuɗin a rufi da kafofin iska. Idan kuwa kana shiga ka yi ɗinki ko gyare-gyare na awa biyu da ƙaramar hita, to yana da amfani. Audugar dutse irin ta Rockwool ba ta cin wuta kuma danshi yana ratsa ta ya fita, sai dai ɓera na son ta, kuma idan ka danne ta ka rage mata aiki. Allon kumfa mai takardar azurfa a fuska, irin na Celotex ko Kingspan, ya fi tsada, amma milimita 25 nasa yana aikin kusan 40 zuwa 45 na audugar, abin da ke da muhimmanci tunda ginshiƙan waɗannan ɗakuna sirara ne. Ko wanne ka ɗauka, bar tazarar kamar milimita 25 tsakaninsa da katakon waje don iska ta zaga.

Za ka ji masu cewa a shimfiɗa leda a ƙarƙashin allo. Wannan dokar gidan da ake ɗumamawa ce kullum, inda ɗumi ke ciki sanyi na waje. A ɗakin da ba hita, wani lokaci rana ce ke dukan bango ta koro danshi ciki, ledar ta tare shi ya kwanta a jikin katako. Sai in ofis za ka mai da shi, hita a kunne kullum, sannan leda ta dace, a kuma liƙe mahaɗarta sosai.

Kafar iska biyu, ɗaya ƙasa a wannan bango, ɗaya sama a na gabansa, da raga a kowacce saboda ɓera. Ɗakin ya hau bulo ko katako, kada ya zauna a ƙasa tsirara. Uwargida, atamfa da leshi su shiga robar da ke rufuwa ƙam, a kan kanta.

Gawayi kuma, ko kasko ne ko abin gashin nama, kada ya shiga ɗakin nan da wuta a jikinsa, ko da garwashin ya yi kamar ya mutu. Iskar gubar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma ɗakin da ka gama lulluɓewa ya fi na da riƙe ta.