Wa'adin Shekara Biyar Ya Cika, Ina Labarin Matakala?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin in yi wa 'yan'uwana akawuna da malamai magana a kan dokar naƙasassu, da inda aka kwana game da ita.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, kwanan baya wani dattijo gurgu ya zo ofishinmu neman takardarsa ta fansho. Ofishin kuwa a bene ya ke. Ya tsaya a gindin matakala cikin kekensa tun hantsi, har sai da ni da masinja muka ɗauke shi kamar buhun gero muka hau da shi, mutane suna kallo. Da muka sauke shi ya ce mini, "Malam, Allah ya saka, amma da na san haka za a yi mini da na aiko ɗana." Kunya ta kama ni, don na san doka ta hana abin da ya same shi.

Ga wanda bai sani ba, Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa wa dokar nan hannu cikin watan Janairu 1919 da ɗari, watau 2019, bayan ta daɗe tana kai da kawo tsakanin Majalisa da fadar Shugaba. Ta ce wanda ya nuna wa naƙasasshe bambanci, tararsa naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, in kamfani ne kuwa naira 1,000,000. Ta ce ma'aikatun Gwamnati su keɓe musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, a kuma fara sallamarsu in ana layi. Sa'an nan ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda gurgu da makaho za su shiga ba tare da an ɗauke su ba. Wa'adin nan ya cika a Janairu 2024.

Ba na cikin masu cewa Gwamnati ba ta yi kome ba, wannan rashin adalci ne. A 2020 ta kafa Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa, ta naɗa James Lalu, wanda kurma ne, ya riƙe ta. A 2024 kuma Shugaba Tinubu ya naɗa Ayuba Gufwan, mutumin Filato, wanda shan inna ya taɓa tun yana yaro, ya kuma yi shekaru yana ƙera kekunan guragu a Jos yana rabawa. Wanda ya ja jiki a ƙasa ba sai an kwatanta masa tsawon matakala ba. Dokar zaɓe ta 2022 ma ta tuna da su, har aka tanadi takardar rubutun makafi a wasu rumfuna a zaɓen 2023. Duk wannan abin yabo ne.

Amma fa hukuma a Abuja ta ke, matakala kuwa tana ko'ina. Kowa ya duba asibitin garinsu, da kotu, da makaranta, ya gaya wa kansa gaskiya. Wani wurin ma an yi gangarar, amma don a fita kunya aka yi ta, ta miƙe tsaye kamar bangon rumbu, in gurgu ya hau sai ya kife. Wata kuma an yi ta da kyau, sai maigida ya mai da bakinta wurin ajiye mota.

To, a nan ne na ke so mu akawuna mu dubi kanmu. Zanen gini ba ya zama gini sai ya bi ta teburin wani ya sa masa hannu, doka kuwa ta tanadi hukunci a kan ma'aikacin da ya amince da zanen da babu hanyar naƙasassu. Jerin sunayen waɗanda za a ɗauka aiki, mu ne mu ke buga shi. Sau nawa waninmu ya ɗaga kai ya ce wa na gaba da shi, "Ranka ya daɗe, ina kashi biyar ɗin nan?" Ni dai ban taɓa yi ba, sai bana.

Ina roƙon Hukumar ta riƙa buga sunayen ma'aikatun da suka gyara da waɗanda suka ƙi, a jarida, da Hausa, kowace shekara. Ta kuma riƙa kiran Sarkin Makafi da Sarkin Guragu na kowane gari a karanta musu dokar, gama su ne jama'arsu ke jin maganarsu.

Mu dai a ofishinmu an yarda an sauko da tebur ɗaya ƙasa, kowace Talata ni ke zama a kai. Dattijon nan zai dawo a ƙarshen wata.

Naka,
Wani Akawu