Bayani Ɗaya, Mai Shi Ɗaya: Ra'ayi Kan Zaruruwan Aiki a Manhajar Wayar Hannu

Duk wanda ya taɓa duba aikin masu koyon tsara manhajar wayar hannu ya san wani kuskure mai cin rai. Manhaja za ta yi aiki lafiya ƙalau sau ɗari, a karo na gaba ta fitar da lissafin da ba shi ba ne, in an sake gwadawa kuma ta koma kamar ba ita ta yi ba. Galibi tushen wannan matsala shi ne zaruruwan aiki, wato hanyoyin da manhaja ke raba ayyukanta domin su gudana a lokaci guda.

Ba don ƙawa ake wannan rabo ba. Babban zare shi ke zana allo yana amsa taɓin yatsa, kuma a allon da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, abin da yake da shi bai kai kashi 17 cikin 1,000 na daƙiƙa ba a kowane zane. A Android, idan ya yi daƙiƙa 5 bai amsa taɓi ba, sai waya ta fito da sanarwar cewa manhajar ta daina amsawa. Tun daga Android 3.0 na shekarar 2011 ma an hana neman bayani daga intanet a kan wannan zare. Dole ne ayyuka masu nauyi su koma wasu zaruruwan.

A nan ne gizo ke saƙar. A ɗauka akwai naira 10,000 a asusun manhaja. Zare na farko ya karanta adadin domin ya ƙara 5,000, kafin ya rubuta sakamako sai na biyu ya karanta wannan adadin domin ya cire 3,000. Wanda ya rubuta daga ƙarshe shi ne zai shafe aikin ɗan'uwansa, asusu ya nuna 15,000 ko 7,000, alhali 12,000 ne daidai. Tamkar yaran shago biyu ne ke rubutu a littafin bashi ɗaya, kowa bai san ɗayan ya riƙe biro ba. Irin wannan rige-rige na cikin kurakuran na'urar gashin ciwon daji ta Therac-25, wadda ta yi wa majinyata illa, wasu har suka rasu, a Amurka da Kanada tsakanin 1985 da 1987.

Ra'ayina shi ne, duk bayanin da ke canzawa a manhajar waya a ba shi mai shi guda ɗaya, kuma duk mai son taɓa shi ya bi layi, aiki ya ƙare kafin na bayansa ya fara. Wannan ya kamata ya zama matakin farko, ba maganin da ake nema bayan ɓarna ta auku ba. Kayan aikin kuwa sun daɗe a hannu. Kamfanin Apple ya fito da Grand Central Dispatch a 2009, ya shigar da shi iOS 4 a 2010, kuma a cikinsa akwai layin da ke gudanar da aiki ɗaya bayan ɗaya. A 2021 harshen Swift 5.5 ya zo da akta, wani ma'aji da ba ya barin ayyuka biyu su taɓa kayansa a tare. Masu Kotlin da Java su ma suna iya keɓe zare guda ga irin wannan bayani.

Za a ce ai akwai makulli, wanda zare ke rufewa kafin ya taɓa bayani ya buɗe in ya gama. Haka ne, amma makulli ya dogara ne ga tunawar ɗan'adam. Wuri ɗaya aka manta ba a rufe ba, kariyar ta tafi. In kuma makullan biyu ne, wannan zare ya riƙe na farko yana jiran na biyu, wancan ya riƙe na biyu yana jiran na farko, sai a yi kiki-kaka, manhaja ta sandare. Tun a 2006 Edward Lee na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya yi jan kunne cewa zaruruwa na sa a kasa hasashen abin da manhaja za ta yi.

Za a kuma ce layi na rage sauri. Wannan hujja ita ce mafi rauni a wajena. Abin da ke jan lokaci a waya shi ne jiran intanet da karanta fayil da sarrafa hoto, kuma babu mai cewa a jera waɗannan. Su yi ta gudana a tare. Rubuta sakamakon ne kaɗai zai bi layi, shi kuwa bai kai ƙiftawar ido ba.

Ba ina cewa layi ya raba mutum da tunani ba ne. Aikin da ke cikin layi, idan ya tura wani aiki cikin wannan layin ya tsaya jiransa, har abada ba za su motsa ba. Akta ma, a duk inda ya dakata yana jiran amsa daga waje, wani aikin na iya shigowa ya canza abin da aka bari, don haka sai an sake dubawa bayan jiran. Bambancin shi ne waɗannan wurare 'yan kaɗan ne, ana iya nuna su da yatsa.

Abin ya shafe mu kai tsaye, domin inda intanet ke ɗaukewa tana dawowa, amsoshi kan iso a hargitse, na baya ya riga na gaba, kuskuren da ya ɓuya a ɗakin gwaji ya bayyana a hannun mai sayar da kati ko mai POS. Harshen Swift 6 da ya fito a 2024 yana iya ƙin harhaɗa manhajar da ya hango rige-rigen bayanai a cikinta. Kafin ɗalibanmu su gamu da wannan ƙi, ina ganin ya dace a sa su rubuta misalin asusun nan da hannunsu tun a darasin farko na manhajar waya, su gudanar da shi sau 10,000, su ƙirga sau nawa lissafin ya kauce, sannan su sa shi a layi su sake ƙirgawa.