Ɗalibi, kai ake tambaya: gaskiya ne?

A watan Agustan 2014, da asubar fari, wayoyi suka dinga ruri a faɗin Najeriya: a tashi a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, wai rigakafin Ebola ne. An kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Da yawa cikin masu tura saƙon sun yi makaranta, kuma soyayyar 'yan'uwansu ce ta sa su tura.

Abin da ke damuna da ɗalibanmu na yau shi ne ba su san girman amanar da ke wuyansu ba. Lokacin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, mutum ɗaya mai karatun boko kan karanta wa cikin zaure guda, kowa ya tafi gida da abin da ya ji daga bakinsa. Har gobe haka abin yake. Uwa takan miƙo wa ɗanta waya ta ce, "Kai da kake makaranta, duba mini, da gaske an kai hari garin su Innarka?" Idan duk abin da yaron ya sani bidiyon minti ɗaya ne na TikTok, tsohuwar nan za ta kwana tana kuka a kan labarin ƙanzon kurege.

Alhali kuwa majiyoyin na nan birjik, da Hausa, a wayar da ke aljihunsa. Sashen Hausa na BBC, da ya fara aiki a 1957, yana da shafi a intanet. Haka DW da RFI da TRT Afrika. A gida ga Aminiya, ga Premium Times Hausa, ga Freedom Radio ta Kano, a Yamai kuma ga Studio Kalangou. Dubawa, da aka kafa a 2018, aikinta kenan bin diddigin hotuna da jita-jitar da ke yawo.

Kada wani ya ɗauka ina cewa waɗannan gidaje ba sa kuskure, ko ba su da ubangida. Jamus ke ɗaukar nauyin DW, Turkiyya ke da TRT. A watan Maris na 2025 umarnin gwamnatin Trump ya rufe bakin Muryar Amurka, har da sashen Hausa. Hukumomin sojan Nijar sun dakatar da RFI a Agustan 2023, suka dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024. Wanda ya rataya ga tasha ɗaya, ranar da aka toshe ta sai ya koma ga masu "an ce, ka ce". Dattawan teburin mai shayi sun fi mu gane wannan: sai sun ji Landan, sun murɗa zuwa Jamus, sun ji Kaduna, sannan gardama ta kaure. Ɗalibin Islamiyya ma ya san ba a karɓar hadisi sai an duba isnadinsa. Me zai hana a yi wa saƙon WhatsApp ko da rabin wannan tankaɗe da rairayar?

Za a ce data ta yi tsada. Ta yi, wallahi. Amma karanta rahotanni biyar a rubuce bai kai cin bidiyon barkwanci ɗaya ba.

Malaman sakandare da na jami'a su ma da nasu kason. Minti goma ya isa a ɗauko labari guda, a sa ɗalibai su nemo yadda kafofi uku suka kawo shi: wa ya faɗa, yaushe aka ɗauki hoton, me wannan ta ambata da waccan ta tsallake.